Takaba a Gida Mai Taya

Greensboro, 12 ga Nuwamba, 2007

Zuwa ga yayata Hindou,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da kyau, ke da yara da jikoki da duk mutanen Birni. Yaya ƙafar? Na so in kira ki, amma kin san yadda muke ƙarewa: in sayi katin waya, ki cinye rabinsa da "me kika ce?" Shi ya sa na ɗauki biro. Wani ɗan Damagaram zai taho gida jibi, shi zai kawo miki.

Yaya, Malam ya sayi gida. Kada ki yi guɗa tukuna. Gidan yana da taya shida.

Mota ce, girmanta kamar bas ɗin da ke zuwa Yamai, amma a ciki akwai gado, da murhu, da firij, da wurin wanka wanda in kika juya sai gwiwar hannunki ta bugi bango. Tsofaffin Turawan nan in sun bar aiki ita suke saya su yi ta yawo har ƙarfinsu ya ƙare. To Malam ma ya bar aiki watan jiya. Kin san shekara ashirin da ɗoriya ya yi yana ɗaga kaya a sito wanda ko taga babu. Abin da suka ba shi na sallama, wanda na sa rai za mu kama ɗan gida da shi ko mu yi gini a Damagaram, shi ya kwashe ya kai wa wani tsoho a Summerfield, ya dawo da wannan abu yana ta yi mini oda a ƙofar gida.

Ya kuma shiga ƙungiyar masu irin motar, kulob suke cewa. Sun ba shi kati, da wata hula, da littafin taswira mai kaurin turmin atamfa. Wai da katin nan akwai zangonsu a kowace jiha, ka isa ka jona ruwa da wuta ka kwana ba ka biya ba. Ana rage musu kuɗin gas, ana gayyatarsu taro su gasa nama. Hular nan har masallaci ya so ya tafi da ita, sai da na ɓoye ta a cikin buhun shinkafa.

Yanzu ba ni da teburin cin abinci, taswira ta cinye shi. Da farko za mu je Columbus wajen 'yarmu Dalila, tunda tana da ciki. Daga nan wai za mu ga wani ruwa da ke zubowa daga kan dutse a bakin iyakar Kanada. Sannan mu gangara Arizona, don wani ya gaya masa ƙasar can kamar hanyar Agadas take. Na ce, "Malam, in hanyar Agadas kake kewa, ai tana nan inda ka bar ta." Ya yi dariya ya ce, "Kaltouma, shekara nawa muna ƙasar nan, ban da titin Wendover da masallaci me muka gani?"

Duk wannan da sauƙi. Abin da ya hana ni barci shi ne ya ce in haya ta ƙare a watan Janairu ba za mu sabunta ba. Za mu bar ɗakinmu mu koma cikin motar gaba ɗaya. Ya ce wannan ne abu na farko da aka rubuta sunansa a kai tun da ya zo Amirka, ba mai buga masa ƙofa farkon wata. Na gane, wallahi na gane. Amma ni mace ce mai son in san inda tsintsiyata take. In baƙuwa ta ce za ta zo gidana, ina zan kwatanta mata?

Na yi magana, na yi fushi, na yi shiru, duk bai ji ba. Ke yana jin nauyinki. Ki rubuto masa ko layi biyu ne.

Ki gaida kowa. Allah ya sada mu da alheri.

Ƙanwarki,
Kaltouma

*

Damagaram, 27 ga Disamba, 2007

Kaltouma,

Wa alaikumus salam. Barkanku da salla. Mun yi layya lafiya, ƙafa kuma tana nan yadda kika san ta. Takardarki ta daɗe a hanya, don yaron da kika ba sai da ya yi sati uku a Yamai yana nuna wa 'yan mata takalminsa.

Na karanta na yi dariya har jikokina suka taru. Tambayata ɗaya ce: masai fa? Kina nufin duk inda za ku, kuna tafe da shi a bayanku? Na yi shekara talatin ina karɓar haihuwa a asibiti, na ɗauka ba abin da zai ƙara ba ni mamaki.

Amma ke ma kin cika mantuwa. Lokacin da Malam Habibou ya zo neman aurenki, ba yaron kamiyo ba ne, babbar motar kaya? Ba shi ne yake zuwa zance yana warin man gazuwal, Inna tana toshe hanci a bayan ƙofa ba? Ke kika ce shi kike so, don ya iya ba da labarin garuruwa. To labarin ne bai ƙare ba. An kulle shi a sito shekara da shekaru, yau an buɗe, kina tsammani zama zai yi?

Ban rubuta masa ba. Namijin da ya kai wannan shekaru, in yayar matarsa ta yi masa faɗa a takarda, ƙara taurin kai zai yi. Ki bi shi ku yi yawon. Ki lallaɓa shi kawai ya bar muku ko ɗaki guda, ko da na haɗin gwiwa ne da wasu, inda za ki ajiye tukwanenki ki san kina da wurin komawa. Wannan kam kada ki sassauta. Mu da muka tsufa mun san akwai ranar da mutum ba tafiya yake bukata ba, wurin zama yake nema.

Na ɗaure miki kuka da daddawa da yajin da kike so. Ki gaida Dalila, ki ce ta rage tsayuwa. Ki gaida mai gida mai taya, ki ce in ya samu gada ya tuƙo ta har ƙofar gidana.

Yayarki,
Hindou

*

Greensboro, 16 ga Maris, 2008

Yaya,

Assalamu alaikum. An gaya miki ta waya, amma na san rabi kika ji. Bari in rubuta miki yadda aka yi, ko ni ma na yarda.

Takardarki ta same mu mun riga mun ba da mabuɗin ɗakin. Kujeru da gado mun raba wa mutane, tukwanena manya suna wajen Houda matar Adamou mai tasi. Muka koma zangon kulob ɗin da ke bayan gari, wajen Summerfield, cikin itatuwa. Sanyi ne ya tsayar da mu, Malam ya ce sai hanya ta washe mu kama hanyar Columbus.

Ranar Alhamis ta makon jiya, da hantsi, ya fita yana duba iskar tayoyi, don da Asabar za mu tashi. Ina ciki ina jera gwangwanaye yadda ba za su zube ba. Na ji yana ƙwanƙwasa taya ɗaya bayan ɗaya, yana 'yar waƙarsa. Sai na daina ji. Na ɗauka ya zagaya ɗaya gefen ne. Wata tsohuwar Baturiya mai suna Celina, wadda motarta ke kusa da tamu, ita ta buga mini ƙofa. Kafin motar asibiti ta iso ya cika. Sun ce zuciya ce.

Mutanenmu sun yi ƙoƙari. An yi masa sutura bayan sallar Juma'a, an kai shi maƙabartar Musulmi. Zaman makoki kuwa abin tausayi, don motar mutum biyar take ɗauka. Maza suka shimfiɗa tabarmi a ƙarƙashin rumfar da ke jikinta, mata suna shiga bibbiyu suna yi mini gaisuwa suna fita. Turawan zangon suka tsaya daga nesa sun cire huluna. Da yamma suka aiko da abinci a faranti, ban san me ke ciki ba, amma na gode musu.

Dalila ba ta samu zuwa ba. Likita ya hana ta tashi daga gado, jininta ya hau. Tana kuka a waya tana ce mini in taho wajenta, rabi da Hausa rabi da Turanci. Houda ma ta ce in koma gidansu. Kowa yana ja na, ni kuwa ban san me ya kamata ba. Na shiga takaba, na cire 'yan kunne, na ajiye kwalli da turare. Amma a ina zan yi ta? Ba ni da wani gidan miji sai wannan. Taswirarsa tana nan a buɗe kan tebur, na kasa naɗe ta.

Na aika wa Alhaji Yahya, tunda shi ne babba a gidansu yanzu, ya faɗa mini abin da zan yi. Ki yi mini addu'a, Yaya. Ban taɓa jin ni kaɗai ce a duniya ba kamar yanzu.

Kaltouma

*

Damagaram, 30 ga Maris, 2008

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai.

Daga Alhaji Yahya Bello zuwa ga Malama Kaltouma, matar ƙanena marigayi Habibou.

Bayan sallama irin ta addinin Musulunci, ina yi miki ta'aziyya, ina yi wa kaina. Allah ya jiƙansa, ya sa can ta fi masa nan, ya ba mu haƙurin rashinsa. Ni na goya shi yana ƙarami. Rabona da ganin fuskarsa tun zuwanku na ƙarshe, kuma ban ɗauka ni zan karɓi gaisuwarsa ba.

Game da tambayarki. Abin da muka sani, muka kuma gada, shi ne mace tana takaba a gidan da mijinta ya ajiye ta, inda rasuwar ta same ta, wata huɗu da kwana goma. Ba ta kwana a wani wuri, ba ta tafiya. An bayyana mini cewa gidan naku mota ce. Ban fahimci wannan sarai ba. Amma tunda a ciki kuke kwana, a ciki kuke girki, kuma da guminsa ya saya, to gidansa ne. Ki zauna a ciki har ki fita.

Ba na so a ce matar Habibou ta yi masa takaba a falon mutane kamar wanda bai bar komai ba. Ya yi shekaru a ƙasar nan taku, mutane a nan suna tambayata me ya tara. Ban samu yi masa wanka ba, ban samu sa shi a kabari ba. Wannan kaɗai ya rage da za a yi masa yadda ake yi wa kowa a gidanmu, kuma a hannunki yake. Na roƙe ki kada ki ba mu kunya.

In akwai abin da kike bukata daga nan, ki sanar da ni. Allah ya yi miki albarka.

Wassalam,
Alhaji Yahya Bello

*

Greensboro, 4 ga Mayu, 2008

Yaya Hindou,

Assalamu alaikum. Ina fatan zafin bana bai matsa muku ba. Dalila ta sauka lafiya, an samu namiji, an mayar da sunan Malam. Ta waya na ji kukansa.

Na san Alhaji ya nuna miki abin da ya rubuto. Na karɓa, na ce zan zauna. Sai dai akwai abin da Alhaji bai sani ba, ni ma sai daga baya na sani. Zangon nan ba a zama a cikinsa. Dokarsu ita ce mai kati ya yi sati biyu, sannan ya fita ya yi sati guda a waje kafin ya dawo. Ashe a watan da muka yi a nan, fitar da Malam yake yi da mu wai mu je gwada mota bakin teku, dokar yake cikawa bai faɗa mini ba. Shi bai ɗauke ta komai ba, don bai yi niyyar mu daɗe a ko'ina ba.

Mai kula da zangon mutumin kirki ne. Bayan rasuwar ya kau da kai har na wuce wata. Ranar da ya zo kuwa hularsa a hannu, yana ta ba ni haƙuri. Ya ce hukuma ba ta ba su izinin zaunar da mutane ba, wurin matafiya ne, in aka kama su za a rufe wurin. Na sa Houda ta bayyana masa takaba. Ya saurara har ƙarshe, idonsa ya kawo ruwa, ya ce, "Na ji, uwargida, amma dole motar ta motsa."

Ni ko keke ban iya ba. Aka kai maganar masallaci. Malami ɗaya ya ce in motar ta tashi ina ciki, ban fita daga gida ba. Wani ya ce duk abin da ke gudu a kan titi tafiya ce. Suka yi ta jan magana, ranar fita tana matsowa. A ƙarshe Adamou ya ce shi zai tuƙa. Da yake ba muharramina ba ne, dole Houda ta bar aikinta na otel na ranar ta shigo ta zauna tare da mu. Na ɗaura bel a kujerar baya, na ja labule, gidan mijina ya kama hanya da ni a ciki, kofuna suna ta kaɗawa.

Satin farko a bayan masallaci muka ajiye ta. Kwana biyu maƙwabta suka kai ƙara, aka liƙa mana takarda a gilashi. Gidajen hayar mutanenmu kuwa ba inda za ta shiga, ko an shiga masu gidan ba sa yarda. Sai muka koma filin ajiye motoci na wani babban kanti a Wendover, inda ake ƙyale irinmu su kwana. Nan na ƙarasa satin. Ba ruwa sai na jarka, ba wuta. Mutane suna tura kekunan sayayya ta jikin tagata, yara suna leƙowa. Ina zaune da zanen takaba a tsakiyar kasuwa, Yaya, ana cewa ina cikin ɗaki.

Abin da ya fi ba ni wuya ƙarami ne. Duk inda aka ajiye motar, alƙibla ta sauya. Yau ina kallon firij, wani satin ina kallon ƙofar wanka. Malam ne ya iya duba abin nan mai allura. Rannan sai da na idar da la'asar na gane yamma na kalla, na zauna na yi ta kuka a kan darduma.

Yanzu mun dawo zango. Celina, tsohuwar nan, ita ma mijinta ya mutu, ita kaɗai take tuƙa tata. Ita take juye mini tankin ƙazanta, ta sauya mini tukunyar gas, tunda ba na son yawan fita. Ta ce za ta koya mini tuƙi. Na ce mata sai na fita takaba. Ta ce, "To ai lokacin ba ki bukata." Gaskiyarta.

Kulob ɗin sun aiko mini da katin ta'aziyya, sun buga sunansa a mujallarsu. A cikin ambulan ɗin kuma har da jerin wuraren da suka ce ya kamata mu gani a bazarar nan.

Ki gaida yara.

Kaltouma

*

Damagaram, 25 ga Mayu, 2008

Kaltouma,

Wa alaikumus salam. Barka da samun mai sunan Malam, Allah ya raya.

Na karanta takardarki, ban ci abincin rana ba. Na ɗauki sandata na tafi gidan Alhaji Yahya. Na karanta masa, har wurin kantin da yaran da ke leƙe. Ya share ido, sannan ya ce, "Hajiya, ai tana ciki, ko?" Na ce tana ciki. Ya ce, "To Allah ya ba ta lada." Mutumin nan bai taɓa ganin abin da yake magana a kai ba. A ransa wani soro ne da aka sa wa taya. Na so in faɗa masa magana, na tuna shi ma ƙaninsa ya rasa.

Daga can na wuce wajen limamin unguwarmu. Ya ce addini bai ce mace ta halaka kanta ba. In gidan ba ya zaunuwa, ko ana korarta, larura ce, ta koma inda za ta samu natsuwa ta ƙarasa kwanakinta, ba abin da ya ragu. Na sa ya maimaita da ƙarfi don in tabbata kunnena bai yaudare ni ba.

Saboda haka ki tattara ki koma gidan Houda. Yau, ba gobe ba. Alhaji ni zan ji da shi. Mutanen gari kuma su yi ta magana, ba su ne ke kwana a bakin kanti ba.

Ina jin haushin Malam Habibou, Allah ya gafarta masa ya gafarta mini. Ina jin haushin kaina da na ce ki bi shi. Ina nan zaune da gida mai ɗaki huɗu, biyu ba kowa a ciki, ƙanwata tana yawo a titi, kuma ba abin da zan iya sai rubutu. Kafin ma wannan ta iso ki, Allah kaɗai ya san inda aka kai ki.

Ki ji maganata, ni ce babba.

Hindou

*

Greensboro, 19 ga Yuni, 2008

Yayata,

Assalamu alaikum. Na ji an fara ruwa a wajenku, Allah ya sa damina mai albarka ce.

Takardarki ta same ni a filin kantin nan, zuwa na uku. Na karanta sau da yawa. Abin da limaminku ya faɗa, wani malami a nan ma ya faɗa mini tun tuni. Na sani, Yaya. Ba tsoron Alhaji ne ya zaunar da ni ba, ba kuma maganar mutane ba.

Tun ranar da ya kawo motar nan ban taɓa ce masa ta yi kyau ba. Ya nuna mini inda ya sa a ƙara kanta don kayan yajina, na ce ta yi ƙasa. Ya sayo labule kalar da nake so, na ce mai arha ne. Mutum ya yi shekara ashirin a ɗakin haya yana sunkuyar da kai, ranar da ya ce "ga gidanmu" ni kuma na taɓe baki. Ban ce ina biyan wani abu ba ne. Kawai dai a nan nake jin zaman na shi ne. Rigar sanyinsa tana rataye bayan kujerar direba. In iska ta kaɗa motar, sai in ji kamar shi ne ya tako matakala.

Amma abubuwa suna ta ƙwacewa. Zafi ya shigo, in muna kanti ba wutar da za ta ja injin sanyi, motar takan zama kamar tanda. Maigadin kantin ya sauya, sabon ya ce kwana ɗaya kawai ya yarda, sai mu yi ta matsawa daga wannan kusurwa zuwa waccan kamar masu ɓuya. Mai ya yi tsadar da ba a taɓa gani ba, motar kuwa shan sa take kamar raƙumi. Celina ta tafi, 'yan kulob suna da babban taro a wata jiha. Ta rungume ni ta bar mini lambarta.

Adamou bai taɓa yin ƙorafi ba, amma ina ganin fuskarsa. Duk ranar da ya tuƙa ni, ranar aikinsa ce ta tafi. Houda kuma an ja mata kunne a otel. Jiya na ji tana ce wa Adamou a waje, a hankali, "Saura ƙiris, mu daure." Na ji kunya kamar in nutse.

Injin ma ya fara tari. Adamou ya ce irin wannan mota tafiya mai nisa take so, wannan ja-tsaya da muke yi kashe ta yake. Ya ce a kai ta gareji. Na ce in an kai ta, ni fa?

Dalila tana turo hoton yaron ta wajen Houda. Goshin Malam ne sak. Ta ce, "Mama, baby zai yi wayo bai san ki ba." Na ce ta ƙara haƙuri, bai kai wata guda ba in fita. Sau biyu kawai ya rage a motsa motar. Ki roƙa mini Allah ta kai ni.

Kada ki yi fushi da ni.

Kaltouma

*

Greensboro, 3 ga Yuli, 2008

Yaya,

Assalamu alaikum. Ba ta kai ni ba.

Shekaranjiya muna hanyar komawa zango ta mutu a tsakiyar Wendover, da rana tsaka, motoci sun yi layi a bayanmu suna oda. Adamou ya yi iya yinsa. Sai ya kira lambar da ke bayan katin kulob. Ashe har da wannan a cikin abin da Malam ya shiga: in ta lalace, su aiko da janwe ya ja ta kyauta. Ba su ɓata lokaci ba, nan da nan sai ga shi.

Direban ya ɗaura sarƙoƙinsa, ya leƙo ya ce kowa ya sauko. Houda ta roƙe shi, ta ce a bar ni ni kaɗai, zan kwanta a ƙasa ba wanda zai gan ni. Ya ce doka ta hana a ja mota da mutum a ciki. Ɗan sanda ya zo, shi ma da ladabi, ya ce haka ne. Ba wanda ya yi mini tsawa. Tsayawa kawai suka yi suna jira.

Na sauko, Yaya. Na tsaya a bakin titi da zanen takaba da carbi a hannu, aka ɗaga gaban gidan aka tafi da shi. Bakanike ya ce injin ya tashi aiki, gyaran zai kai ƙarshen wata. Sun kulle ta a bayan shingen waya, ba a kwana a wurin.

Ina gidan Houda, a ɗakin 'ya'yanta. Akwai sanyi, akwai ruwa, alƙibla wuri ɗaya take. Kowa yana ce mini ba laifina ba ne, takabata tana nan daram, kuma na san gaskiya suke faɗa. Ki gaya wa Alhaji yadda aka yi, kada ki rage komai.

A cikin motar, in na farka, na san gefen da babu Malam. Ɗakin nan bai taɓa shigowa ba. Ban san inda zan duba in rasa shi ba.

Ki gaida kowa.

Kaltouma